Nneka Ogwumike: wa ya cuce ta, Amurka ko FIBA, ko kuwa ita ce ta makara?

Sadiq23: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya, suka sake ɗauko kofin Afirka a Abidjan kowa a zauren nan ya zama masanin ƙwallon kwando, to bari in jefo wata magana da ta daɗe tana cina. Nneka Ogwumike. Baiwar Allahn nan ta shiga jami'ar Stanford a 2008 ta kai su zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka sau 4 a jere, a 2012 aka ɗauke ta lamba ɗaya a WNBA, lig ɗin ƙwararrun mata na Amurka, ta zama gwarzuwar sabbin 'yan wasa a shekarar, a 2016 ta ci MVP, wato gwarzuwar lig ɗin gaba ɗaya, ta kuma ci kofi da ƙwallon da ta jefa da hannunta saura sakan 3 a tashi, ta ciyo wa Amurka zinare biyu a gasar duniya, amma ko sau ɗaya ba ta taka filin Olamfik ba. Amurka ta ƙi tafiya da ita, da ta ce to bari ta buga wa ƙasar iyayenta Najeriya sai FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ce ba za ta saɓu ba. Ni dai a ganina an cuce ta ta ko'ina. Me kuka gani?

Ɗan Gwanki: Wa'alaikumus salam. Sadiq kai ma da neman magana. Shekara nawa tana sanye da rigar Amurka ba ta tuna da Najeriya ba sai ranar da suka ajiye ta? Kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Ummi_B: An fara 😂

Ɗan Gwanki: Gaskiya ce ai Ummi. A gasar duniya ta 2018 a Sifaniya waye ya fitar da mu a zagayen takwas na ƙarshe? Amurka, 71 da 40. Tana cikin tawagarsu. A gasar neman gurbin Olamfik a Belgrade a Fabrairun 2020 muna gaba da su har hutun rabin lokaci suka zo suka ƙwace 76 da 71, nan ma tana ciki, ita ma aka bai wa kyautar gwarzuwar gasar. Bayan wata 16 kuma ta ce ita tamu ce. Haba.

Sadiq23: To ina gidan da ta bari? A Tomball ta jihar Texas aka haife ta a 1990, can ta tashi, can ta yi makaranta. Yarinya 'yar shekara 17 ko 18 Amurka ta kira ta ƙungiyar matasa, ka ce ta ƙi? Wa ya kira ta daga nan a lokacin?

Baba Koci: Ku dakata yara, kun fara daga ƙarshen labari. Ku bari mu fara da Stanford tukuna don wanda bai kalli wasanta na jami'a ba ba zai gane me ya sa mutane suka ji zafin abin da aka yi mata ba.

Ita da ƙanwarta Chiney ma ba da ƙwallon kwando suka fara ba, wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki suke yi suna ƙanana har tsayi ya yi musu yawa aka ce su nemi wani wasan. Daga nan ta yi sakandaren Cy-Fair, ta ci musu kofin jiha a 2008, ta tafi wajen koci Tara VanDerveer a Stanford. Wannan mata kuwa ba ta wasa da tsari, kowa da inda zai tsaya, kowa da lokacin da zai motsa, kuma a nan Nneka ta koyi abin da ta rayu a kai har ta girma, wato motsi ba tare da ƙwallo a hannu ba. Tsayinta mita 1.88 ne kawai, a ƙarƙashin kwando akwai waɗanda suka fi ta tsayi sosai, amma kafin mai tsaronta ta juyo ta riga ta sulale ta karɓa ta saka.

2009 tana shekarar farko UConn, wato jami'ar Connecticut, ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. 2010 ita ce shekarar da ta fi ciwo. A wasan kusa da na ƙarshe ta zuba wa Oklahoma maki 38 da ribaun 16, wato cafe ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba, suka je fainal da UConn ɗin dai, aka tafi hutun rabin lokaci Stanford na da 20 UConn na da 12. Ku ji fa, ƙungiyar Maya Moore da Tina Charles an riƙe ta a maki 12 cikin minti 20. Aka dawo Maya ta farka, ga Jayne Appel babbar 'yar tsakiyar Stanford tana ɗingishi da ciwon idon sawu ko maki ɗaya ba ta ci ba, aka tashi 53 da 47. A kakar nan gaba ɗaya wasa 2 kacal Stanford ta rasa, kuma duka biyun a hannun UConn.

Nura Lissafi: Baba Koci Allah ya ƙara lafiya, amma kar a manta sun rama. 30 ga Disamba 2010 a filinsu na Maples, Stanford ta doke UConn 71 da 59 ta tsayar da jerin wasa 90 da suka yi suna ci ba a doke su ba. Lokacin Chiney ta shigo, 'yan gida ɗaya biyu a fili.

Baba Koci: Haka ne Nura. Sai dai a ranar Jeanette Pohlen ce ta yi ɓarna da maki 31, a ba kowa haƙƙinsa.

Ɗan Gwanki: To duk wannan dogon tarihin, kofi nawa ta ci a jami'a? Ku faɗa mana mana.

Nura Lissafi: Na ƙasa babu.

Ɗan Gwanki: Na gode, shi kawai nake son ji.

Hajiya Mairo: Kai Ɗan Gwanki ka ji tsoron Allah. Wasan mutum biyar ne fa a fili. Ka je ka nemo wasansu da Texas A&M na 2011 ka kalla, ita kaɗai ta ci maki 31 cikin 62 da ƙungiyar ta ci, rabi cif, saura sakan 9 ta kutsa ta saka ta sa su gaba da maki ɗaya, sai abokan wasanta suka bar Tyra White ta ruga har ƙarƙashin kwando ta saka saura sakan 3 da ɗoriya, aka tashi 63 da 62. To me kake so ta ƙara yi, ta raba kanta biyu ta tsare can ta tsare nan? 2012 kuma suka haɗu da Baylor ta Brittney Griner wadda ta gama kakar da wasa 40 ba a ci ta ko ɗaya ba, kuma a wasan Nneka ta fi Griner maki, 22 da 13. Duk ƙungiyar da ta fitar da su a shekarun nan huɗu ita ce ta je ta ɗauki kofin. Wannan rashin sa'a ne ɗana, ba rashin iyawa ba.

Ɗan Gwanki: Hajiya ranki ya daɗe ni ban ce ba ta iya ba. Cewa na yi ana zuzuta ta fiye da kima. Breanna Stewart ta je sau 4 ta ci sau 4.

Hajiya Mairo: Da su wa a gefenta? Ka lissafo min.

Ummi_B: Hajiya ta kama shi hhhh

Aliyu M.: Ku yi haƙuri da tambayar jahilci, ni sabon shiga ne a harkar. Me ya sa ta zauna shekara 4 a jami'a tunda ta iya haka? Na ga a na maza shekara ɗaya suke yi su fice.

Nura Lissafi: Ba jahilci ba ne ɗan uwa. Dokar WNBA ce daban, 'yar Amurka sai ta cika 22 a shekarar da za a yi zaɓen ko ta gama digiri ko ajinsu ya yi shekara 4 da barin sakandare. Kuma ko da an bari ma ba wani kuɗin da za ta ruga ta tarar, ka duba fa Caitlin Clark da duk sunan da ta yi, albashinta na shekarar farko a 2024 dala 76,535 ne, ina ga 2012. Shi ya sa digirin ke da daraja a wajensu. Nneka ilimin halayyar ɗan adam ta karanta. Kuma a zamaninsu ɗaliba ba ta da ikon karɓar ko sisi na talla da sunanta, sai a Yulin 2021 aka buɗe wannan ƙofar.

Aliyu M.: Allah sarki. Na gode Malam Nura.

Sadiq23: Yawwa mu zo kan 2016 don nan ne hujjata take. Nura kawo lissafin.

Nura Lissafi: Maki 19.7 da ribaun 9.1 a kowane wasa, kuma kashi 66.5 cikin ɗari na ƙwallayen da ta jefa sun shiga. Wato a jifa uku biyu na ciki, kakar wasa guda cur. Akwai wasan da suka yi da Dallas a watan Yuni ta jefa 12 duka 12 suka shiga, maki 32, kuma a tsakanin wasanni uku ta jera 23 ba ta ɓarar da ko ɗaya ba. Ƙungiyarta Los Angeles Sparks suka gama da nasara 26 rashin nasara 8. Abin dariyar shi ne a tsakiyar wannan kakar aka tafi Olamfik na Rio ba da ita ba, aka dawo aka miƙa mata MVP.

Ɗan Gwanki: Kashi 66 ɗin nan ai don a gindin kwando take tsayawa ne abokiyar wasanta Candace Parker tana ɗura mata a baki. Ko ni aka ajiye a wurin zan saka.

Baba Koci: Kai yaro, da abin haka yake da kowace doguwa ta yi kashi 66. Gindin kwando nan ne wurin da ya fi ko'ina cunkoso da gwiwar hannu, kuma waɗanda ke jiranta a wurin su Sylvia Fowles ne da Griner da Tina Charles. Abin da mutane ba sa gani a talabijin shi ne aikin da take yi kafin ƙwallon ta iso, ta tokare mai tsaronta da ƙugu, ta yi kamar za ta fita ta dawo, ta riga kowa gudu idan an ƙwace ƙwallo. Kuma ba ta jifan ganganci, in ba ta ga hanya ba sai ta mayar. Ni in ina koya wa yara wannan gurbin bidiyonta nake nuna musu ba na masu kwalliya ba. Gaskiya ne Parker ta taimaka mata ƙwarai, ba wanda ya musa, amma ita ma Parker sai da ta shekara 8 a lig ɗin ba kofi kafin wannan shekarar.

Maman Ilham: Ni masoyiyar Minnesota Lynx ce tun zamanin Maya da Seimone Augustus da Lindsay Whalen, kuma wlh duk ranar da aka tado maganar kofin 2016 sai raina ya ɓaci. Ku faɗi gaskiya dai, an yi mana fashi. A wasa na biyar na fainal, saura minti 1 da sakan 14 ana 71 da 71 Nneka ta jefa ƙwallo bayan agogon jifa, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo, ya riga ya ƙare, rafali suka ƙirga ba su je sun duba bidiyo ba, washegari hukumar lig ɗin da kanta ta fito ta ce kuskure ne bai kamata a ƙirga ba. Maki 2 na banza, kuma da maki 1 aka ci mu, 77 da 76, a gidanmu. To ku yi lissafi.

Sadiq23: Anti ai ba ita ce rafali ba 😅

Maman Ilham: Ban ce ita ce ba ƙanena, amma in za a yi ta kiran ƙwallon ƙarshe ƙwallon ƙarshe sai a haɗa da wannan.

Baba Koci: Maman Ilham tana da gaskiya a kan kuskuren, kocin Lynx Cheryl Reeve ma ta yi faɗa sosai a daren. Sai dai ba a cire maki 2 daga sakamako a ce ga yadda za a tashi, don da an soke ƙwallon da duk abin da ya biyo baya ya canza, kowace ƙungiya da wani abin za ta yi daban. Kuma bayan wannan ɗin Lynx sun dawo sun wuce gaba, Maya ta saka ta mai da shi 76 da 75 saura sakan 15. Tsaro ɗaya ya rage musu su ɗauki kofi. Chelsea Gray ta jefa ba ta shiga ba, Nneka ta tsinko ribaun a tsakiyar dogaye, ta ɗaga Fowles ta doke ƙwallon, ta sake cafewa tana faɗuwa da baya ta saki, ta shiga saura sakan 3.1. Wannan ba rafali ne ya ba ta ba.

Maman Ilham: To Baba na ji. Mun dai rama a 2017, wasa na biyar, su ɗin dai.

Hajiya Mairo: Ni abin da ke ba ni mamaki da ku maza, an yi ta maganar maki da kofi ba wanda ya taɓo babban aikin da matar nan ta yi. Tun 2016 'yan wasa suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu ta ƙwadago suka yi ta sake zaɓenta. Kun san yadda matan nan suke rayuwa kafin 2020? Lig ɗin wata biyar ne zuwa shida, daga Mayu zuwa Oktoba, albashi mafi tsoka dala 117,500, ana gamawa kowa ta ɗauki jaka ta tafi Rasha ko Turkiyya ko Chaina ta buga duk lokacin sanyi ta dawo ta ɗora ba hutu, jiki yana ta lalacewa. Ita kanta Nneka ta yi Polan ta yi Chaina ta yi shekaru a Dynamo Kursk ta Rasha inda ta ci kofin Turai a 2017. Ƙanwarta Chiney a irin wannan yawon ta ji ciwon da ya cinye mata kaka biyu, 2015 da 2017. Abin da ya kai Griner Rasha kenan har aka kama ta a Fabrairun 2022 ta kusa wata 10 a tsare. Mace ta yi ciki kuma rabin albashi ake ba ta.

A Janairun 2020 Nneka ta jagoranci yarjejeniyar da ta kai babban albashi dala 215,000, hutun haihuwa da cikakken albashi, kuɗin raino dala 5,000 a shekara, kowace 'yar wasa da ɗakinta a otal ba a haɗa manyan mata biyu ɗaki ɗaya ba. Korona ta zo a shekarar aka killace su a Florida aka rage wasanni zuwa 22 amma ta tsaya sai da aka biya su albashi cikakke. Duk wannan tana yi tana buga wasa. Wanda bai taɓa goyo yana aiki ba ba zai san girman abin nan ba.

Ummi_B: Hajiya Allah ya biya ki. Wlh maganar hutun haihuwar nan kaɗai ta isa.

Nura Lissafi: Hajiya ban ƙi taki ba amma yarjejeniyar nan tana da ƙaya a ciki. Sun amince da sharaɗin cewa duk wadda ta wuce shekara biyu a lig dole ta baro ƙungiyarta ta waje ta iso a kan lokaci, wadda ta makara daga 2023 a ci tararta, daga 2024 a dakatar da ita kakar gaba ɗaya. Manya masu talla ba ruwansu, amma 'yar tsaka-tsaki wadda kuɗinta na gaske a Turai yake, da 'yan ƙasashen waje, su aka matse. Kuma sun sa hannu na shekara 8 ana gab da lig ɗin ya fashe da kuɗi. Da aka zo aka sayar da haƙƙin nuna wasanni dala biliyan 2.2 na shekara 11 sai albashin ya koma kamar abin wasa, babba a 2025 bai kai dala 250,000 ba alhali ƙaramin sabon shiga a NBA yana ɗaukar sama da miliyan 1.

Hajiya Mairo: Ai shi ya sa suka bar wa kansu ƙofar fita, kuma suka fita a Oktoban 2024. Ka manta rigunan da suka sa a wasan taurari na 2025 a Indianapolis suna cewa a biya su abin da suke bi? Wa ke gaba? Ita ce. A 2020 wa ya san Caitlin Clark da Angel Reese za su zo su cika filaye? Da abin da ke hannunka kake ciniki Nura.

Ɗan Gwanki: Wato dai 'yar siyasa ce. To ta tsaya takara mana.

Sadiq23: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Mu koma kan Olamfik ɗin. 2012 sabuwa ce, na yarda. 2016 aka ce gurbinta ya cika, aka bar ta aka bar Candace Parker ma, to shi ma a ce an wuce. Amma 2021 fa? A 2019 hukumar ƙwallon kwandon Amurka ta ware mata 8 ta ce su zauna gida su yi ta atisaye da wasannin share fage saboda Olamfik na Tokyo, tana cikin takwas ɗin, ta bar kuɗin waje ta zauna, ta je duk inda aka ce, ta zama gwarzuwar gasar neman gurbi. Sai ta ji ciwo a gwiwa a farkon Yuni 2021, ciwon da aka ce makonni ne za ta warke kafin a fara, suka fitar da suna 12 ba ita. Diana Taurasi kuwa tana jinyar karaya a ƙashin ƙirji a lokacin amma aka tafi da ita Olamfik ɗinta na biyar. Cikin 12 ɗin 5 tsofaffin ɗaliban UConn ne. A lokacin duk wadda ta taɓa cin MVP a tarihin lig ɗin ta je Olamfik, ita kaɗai ce ba ta je ba. In wannan ba cuta ba ce ku faɗa min sunanta.

Baba Koci: A nan kam ina bayanka Sadiq. In da tun farko sun ce mata ba ta cikin lissafi da ta san inda dare ya yi mata tun da wuri. Riƙe ta suka yi har lokaci ya ƙure.

Ɗan Gwanki: To wannan tsakaninta da Amurka ne, su suka ci amanarta. Ni inda nake ja shi ne a ce FIBA ta yi laifi. Doka ce a rubuce, in ka buga wa ƙasa babbar gasa bayan ka cika 17 shikenan ka zama nata. In aka buɗe wannan ƙofar gobe duk wadda Amurka ta yar sai ta nemo ƙasar kakanta, Olamfik ya koma Amurka ta ɗaya da Amurka ta biyu da ta uku.

Nura Lissafi: Dokar tana da wutsiya fa Ɗan Gwanki. Ta ce babban sakataren FIBA yana da ikon ya ƙyale mutum ya koma ƙasarsa ta asali in hakan zai ciyar da wasan gaba a can. A kan wannan suka nema, ita da Elizabeth Williams, kuma Amurka ta sake su ba ta riƙe ba. FIBA ta ce ta daɗe da yawa tana yi wa Amurka wasa, sama da shekara 10, suka garzaya kotun wasanni ta duniya ita ma ba ta ba su izinin gaggawa ba. Chiney aka ce za ta iya amma a gurbin wadda ta samu takardar zama 'yar ƙasa daga baya, wanda mutum ɗaya kawai ake bari a tawaga, ba ta je ba. Ƙaramarsu Erica ce kawai ta buga mana a Tokyo. To ni tambayata, in MVP ta WNBA ta sa rigar ƙasar Afirka bai ciyar da wasa gaba ba, me zai ciyar? Don wa aka rubuta wutsiyar?

Maman Ilham: Ni kuma ta wani gefen nake kallo. Yaran da suka sha wahala suka ci kofin Afirka a 2017 da 2019 suka samo gurbin Tokyo da guminsu, su Ezinne Kalu da Promise Amukamara da Adaora Elonu, sai ana saura wata ɗaya a kawo mutum uku daga sama a ce wasu su koma gida? Wa za a cire? Ba wanda ke tambayar wannan.

Sadiq23: Anti ai haka ƙungiyar ƙasa take ko'ina, wanda ya fi shi ke shiga. Kuma mun je Tokyo wasa 3 muka yi duka aka ci mu. Da Amurka 81 da 72 aka tashi, maki 9 kacal. Ki sa Nneka da Williams a wannan wasan ki gani.

Ɗan Gwanki: Da da da. Mu bar zancen da. Paris 2024 fa? Ba Nneka ba Chiney, kocinmu Rena Wakama ta ɗebi yaranta ta doke Ostareliya 75 da 62, ta doke Kanada 79 da 70, muka zama ƙasar Afirka ta farko maza ko mata da ta kai zagayen takwas a ƙwallon kwandon Olamfik, FIBA ta ba ta gwarzuwar koci. Ga Murjanatu Musa tana kokawa da dogayen duniya a ƙarƙashin kwando. Ba mu mutu ba don ba ta zo ba.

Hajiya Mairo: Ɗana ita Wakama a ina aka haife ta? North Carolina. Ezinne Kalu New Jersey. Amy Okonkwo da ta ci gwarzuwar Afirka a 2023 da 2025 a Kalifoniya ta tashi. Mfon Udoka da ta ja mu zuwa Athens a 2004 a jami'ar DePaul ta yi wasa. Duk jami'o'in Amurka ne suka rene su kamar yadda suka reni Nneka, bambancin kawai ita ta yi ficen da Amurka ta riga mu kamawa. Kar mu riƙa tafa wa wasu muna ce wa wasu bare.

Baba Koci: Kuma mu ma mu duba namu tudun. A Oktoban 2021 'yan D'Tigress da kansu suka fito a bidiyo suna kukan alawus da ladan da ba a biya su ba. A Mayun 2022 gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya saboda rikicin shugabancin hukumar, kafin a janye matakin FIBA ta riga ta bai wa Mali gurbinmu na gasar duniya a Sydney, gurbin da yaran suka ci da kansu. Wadda ta ga haka kuma ta ce tana so ta zo, ni ba zan kira ta mai neman mafaka ba.

Ɗan Gwanki: Baba da girmanka, lokacin da ta nema ai ba a yi waɗannan ba tukuna, Yuli 2021 ne.

Baba Koci: Bashin alawus ɗin tsoho ne ɗana, bidiyon ne ya zo daga baya.

Aliyu M.: Wai har yanzu tana Los Angeles ɗin ne?

Ummi_B: Ta yi kaka 12 a can, a Fabrairun 2024 ta koma Seattle Storm ita da Skylar Diggins. Kuma a shekarar tana cikin taurarin WNBA da suka lallasa tawagar Olamfik ta Amurka 117 da 109 kafin su tafi Paris, ranar da Arike Ogunbowale ta zuba musu 34 duka bayan hutun rabin lokaci. Ita ma Arike ɗin babanta ɗan Najeriya ne, ita ma Amurka ba ta je da ita ba 😂

Sadiq23: Kun gani ko. Sau biyu kenan fa, a 2021 ma Arike ce ta ci su.

Ɗan Gwanki: To Sadiq na ba ka rabi. Amurka ta ci amanarta a 2021, wannan ba gardama. Amma FIBA ni har gobe ban ga laifinta ba, kuma kofin jami'a dai babu.

Maman Ilham: Kuma agogo ya ƙare kafin ta saki ƙwallon nan.

Nura Lissafi: Anti Maman Ilham wannan sai an buɗe masa zaure na daban 😂 Wa ke da cikakken bidiyon wasa na biyar ɗin ya turo mu ƙirga sakan ɗin da kanmu?

Baba Koci: Ina da shi a kwamfuta, in na dawo daga masallaci zan yanko muku minti biyun ƙarshe.